Yadda ake zagaya tsofaffin coci-cocin katako da ƙauyukan masunta na tsibirin Chiloé

Chiloé tsibiri ne a kudancin ƙasar Chile, a bakin tekun Fasifik, ana kiran sunan kamar "Ciloye". Na sha zuwa wurin, ni kaɗai da kuma da baƙi, kuma kusan duk wanda na raka kuskure ɗaya yake fara yi, wato ya zo da lissafin coci 16 a takarda yana so ya gama da su cikin kwana biyu. Ba ya yiwuwa malam. A tsibirin nan abu uku ne ke tsara maka yini: ruwan sama, jirgin fito, da kuma wanda makullin cocin ke hannunsa. In ka yarda da wannan tun daga gida to sauran mai sauƙi ne.

Coci-cocin da ake magana na katako ne tun daga ƙasa har hasumiya, hukumar UNESCO ta saka 14 daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya a 2000, ta ƙara biyu a 2001. Ni Musulmi ne, aikin kafintocin ne ke kai ni, don ban taɓa ganin inda aka sarrafa itace haka ba. 'Yan'uwa Kirista kuwa za su samu riba biyu tunda har yau ana ibada a ciki.

Kayan da za ka tanada

Rigar ruwa ta gaske mai hula, wadda ta sauko har cinya. Lema ba ta da amfani sosai, iskar can juya ta take yi ta bar ka riƙe da ƙarafa. Takalmi mai rufi da ruwa ba ya shiga, da safa aƙalla ƙafa biyar don jiƙaƙƙiyar safa ba ta bushewa da wuri a can. Rigunan sanyi marasa nauyi guda biyu ko uku da za ka ɗora ɗaya kan ɗaya sun fi babbar riga guda, saboda cikin awa ɗaya za ka iya ganin rana da yayyafi da iska duk a jere. In ba ka da suwaita mai kyau kar ka damu, ka bari sai ka isa garin Dalcahue ka sayi ta gashin tumaki saƙar hannu, ita ce ma tsarabar da ta fi.

Ledoji na saka waya da fasfo. Fawa bank. Adafta ta soket mai ƙafa zagayayyu, don filogi mai ƙafa uku masu faɗi irin na Najeriya ba ya shiga. Ƙaramar buta ta roba ko gora, don banɗakunansu babu buta, da sallaya mara nauyi. Tsabar kuɗin ƙasar, wato peso, ƙananan takardu, saboda da ka bar Castro da Ancud, manyan garuruwan tsibirin, na'urar cirar kuɗi sai an dace, kuma matar da ke sayar da kifi a bakin ruwa ba lallai ta karɓi kati ba. Ka sauke taswirar tsibirin a waya tun kana da intanet, sabis yana ɗaukewa a ƙauyuka. Sai 'yan kalmomin Sifaniyanci, su ma kayan aiki ne, Turanci ba ya kai ka ko'ina a can. Zan kawo su a inda ake buƙatarsu.

Abin da ba za ka ɗauka ba: kilishi, dambun nama, zuma, 'ya'yan itace, iri. Chile ba ta wasa da wannan, a filin jirgi akwai takardar da ake cikewa a bayyana duk wani abin da ya fito daga dabba ko tsiro, in ka ɓoye aka gani tara ce mai zafi. Ko yaji ne a jakarka ka rubuta ka nuna musu, su ce e ko a'a. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, ka fara nema da wuri.

1. Zaɓen lokaci

Yanayinsu a juye yake da namu. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinsu, kuma zafin nasu ma kamar safiyar hunturu ce a Kano, da rana dai a ɗan ji ɗumi. Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwa kusan kullum, gari ya yi duhu da wuri, coci-coci da yawa a kulle. Ruwan da ke sauka a shekara yana kai wa milimita 2,000 a wajen Castro, ɓangaren yamma mai fuskantar teku ya fi haka.

Janairu da Fabrairu su ne aka fi samun coci a buɗe da bukukuwan ƙauye, amma mutanen Santiago, babban birnin ƙasar, duk sun sauko hutu, masauki ya yi tsada, layin jirgin fito ya yi tsawo. Ni na fi son ƙarshen Nuwamba ko Maris. Akwai kuma wani babban ƙuda mai cizo irin bobuwa da ke fitowa wajen Janairu, yana bin baƙaƙen kaya, don haka in lokacin za ka je ka sa masu haske.

Ka ware kwana biyar. Huɗu ma za su yi in ka haƙura da wani abu, amma ka bar kwana ɗaya babu shiri a kansa, na ruwan sama ne, zai karɓi abinsa ko ka ba shi ko ba ka ba shi ba.

2. Shiga tsibirin

Daga Santiago ka hau jirgin sama zuwa Puerto Montt, bai kai awa biyu ba, ko bas ta dare in kana lallaɓa aljihu, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Daga tashar Puerto Montt akwai bas zuwa Ancud da Castro a kai a kai. Za ta yi kusan kilomita 60 zuwa Pargua, a nan motar gaba ɗaya za ta shiga jirgin fito ta tsallaka mashigin Chacao cikin kamar rabin awa, kuɗin fiton yana cikin tikitinka. Ka sauko daga bas ɗin ka hau saman jirgin, sau da yawa ana ganin dabbobin ruwa suna bin gefe. An daɗe ana aikin wata babbar gada a wurin. Daga Puerto Montt zuwa Castro ka lissafa awa huɗu.

Akwai ƙaramin filin jirgi a Mocopulli kusa da Castro, amma jiragen ba su da yawa kuma hazo na iya hana sauka, in ka bi ta nan kar ka haɗa ranar komawarka da ranar babban jirginka na barin ƙasar.

Wata 'yar takarda da jami'an shige da fice za su ba ka a filin jirgin Santiago, mai kama da rasit ɗin kanti, kar ka yar da ita. Ana nemanta ranar fita, kuma otal-otal da yawa suna cire wa baƙo harajin kashi 19 cikin ɗari in ya nuna ta da fasfo ya biya da dala ko katin waje.

3. Ka tsaya Ancud kafin ka wuce

Mutane da yawa wucewa suke kai tsaye zuwa Castro, kuskure ne. A Ancud akwai wata cibiyar baƙi a cikin tsohon ginin 'yan coci mata, ta gidauniyar da ke kula da gyaran coci-cocin, an jera ƙananan samfurin kowace coci da tsofaffin ƙofofi da tagogi, kuma an nuna yadda ake haɗa katako da katako. Awa ɗaya a nan za ta buɗe maka ido, in ba haka ba duk cocin da ka gani ce maka za ta yi kama da 'yar'uwarta.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani, ba sai an yi dogon tarihi ba. Limaman Katolika 'yan Jesuit sun iso a 1608, su kaɗan ne tsibiran kuma da yawa, sai suka riƙa zagayawa a kwalekwale shekara-shekara, su kwana biyu ko uku a kowane ƙauye su wuce. Kowane zango aka gina masa ɗakin ibada a bakin ruwa, aka kuma naɗa wani ɗan gari da ake kira fiscal ya riƙe sauran shekarar. Da Sifen ta kore su a 1767 sai 'yan Franciscan suka ci gaba. Waɗanda suka yi ginin kuwa mutanen wurin ne, masassaƙa jirgin ruwa, shi ya sa in ka shiga ka ɗaga kai za ka ga rufin ciki kamar an kife kwalekwale. Hasumiyar ma tana wa masunta aikin alama daga cikin teku. Bangon waje da rufi an lulluɓe su da 'yan fale-falen katako da aka jera kamar ɓawon kifi, yawanci na itacen alerce wanda ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri.

In da sauran lokaci ka leƙa ganuwar San Antonio, nan ne ɗaya daga wuraren ƙarshe da sojan Sifen suka riƙe a Chile kafin su sallama a 1826. In kuma tsakanin Oktoba da Maris ne, Puñihuil na nan kusan kilomita 25 daga gari, ana shiga ƙaramin jirgi a ga tsuntsayen fengwin iri biyu suna sheƙa wuri ɗaya. In teku ta yi fushi ba a fita, kar ka yi gardama da mai jirgi.

4. Ka yada zango a Castro

Daga Ancud kusan kilomita 85 ne. Castro ce tsakiya, daga tashar ƙananan motocinta ake zuwa ko'ina, don haka ka kama ɗaki nan ka riƙa fita kana dawowa maimakon jan jaka kullum. Kafin ka biya ka tambayi abu ɗaya, calefacción, wato abin ɗumama ɗaki. Yawancin gidaje murhun itace ne. Na taɓa kama wani ɗaki mai arha a kan ruwa ban tambaya ba, daren nan da rigar ruwa da safa biyu na kwana, gari na wayewa na tattara.

Garin tsoho ne, tun 1567. Cocin San Francisco tana bakin dandali, ruwan ɗorawa da shuɗi-shuɗi mai ja, ba za ka ɓata ba. Wannan ta bambanta da sauran: wani ɗan Italiya, Eduardo Provasoli, ya zana ta, aka gina tsakanin 1910 da 1912, wajenta kwano ne amma cikinta katako zalla mai launin zuma. Ka shiga da rana tsaka lokacin da haske ke shigowa ta tagogi. Wani katafaren kanti da aka gina kusa ya tsaya wa garin a ka, an yi ta rigima a kansa, in ka gani za ka gane dalili.

Sai palafitos, gidajen da aka kafa kan turaku a cikin ruwa, a unguwar Gamboa da titin Pedro Montt. Ga inda mutane ke yin kuskure: teku a nan tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma bambancin mita da yawa ne. In ka je ta janye, laka da turaku kawai za ka gani da jirage kwance a gefe ɗaya. Ka tambayi mai masaukinka marea alta, lokacin cikar ruwa ke nan, ko ka duba a waya, ka je daidai lokacin. Ni dai ina zuwa sau biyu don janyewar ma tana da nata kyau, lokacin ne tsuntsaye ke sauka kiwo.

Da yamma ka hau ƙaramar mota zuwa Nercón, kilomita 4 kudu da gari. An gyara ta da kyau, kuma in an bari ka hau sama ka ga haƙarƙarin rufin ta baya, nan za ka ga aikin masu jirgi ƙarara.

5. Maganar makulli

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci shi ya sa na ware shi. Cocin Castro da Achao da Dalcahue da Chonchi galibi a buɗe suke da rana, ban da lokacin cin abinci, wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku. Na ƙauye kuwa a kulle za ka same su sau da yawa, musamman in ba lokacin hutu ba ne. Kar ka juya. Ka duba jikin ƙofa ko akwai takarda da lambar waya, in babu ka nufi gida ko kanti mafi kusa, ka yi gaisuwa tukuna, buenos días, sannan ka ce la llave de la iglesia, wato makullin coci, ana furta shi "la yabe". Kusan kullum wata dattijuwa ce ko fiscal ɗin garin ke riƙe da shi. Wani lokaci ta tafi gona ko ta shiga Castro, to sai haƙuri, ka zagaya ginin ta waje ka leƙa ta taga.

In an buɗe maka ka saka wani abu a akwatin taimako, da shi ake sayen katakon gyara. Ladabin shiga kishiyar na masallaci ne, takalmi a ƙafa, hula a hannu. Kar ka taɓa gumakan da aka sa wa tufafi, kar ka kunna fitilar kyamara, in ana ibada ko jana'iza ka tsaya baya ko ka jira a waje. Kuma kar ka riƙe matar nan awa guda tana tsaye cikin sanyi.

6. Dalcahue da tsibirin Quinchao

Ka sa wannan ranar Lahadi in zai yiwu, ranar ce kasuwar saƙa ta Dalcahue ke cika, mata na zuwa daga ƙananan tsibirai da barguna da huluna da kwanduna. Kilomita 20 ne daga Castro. Cocin garin fara ce mai baka tara a gaba. Sunan garin daga dalca ya fito, kwalekwalen mutanen farko na yankin da ake ɗinke allunansa da igiya.

Daga nan jirgin fito na 'yan mintoci zai kai ka Quinchao. Motar Achao, babban garin Quinchao, tana tsallakawa da kai. Ka sauka Curaco de Vélez ka yi yawo da ƙafa, don gidajen garin sun fi ko'ina kyan fale-falen katako, kowane gida da irin yankansa, wani zagaye wani mai tsini. Sannan Achao. Cocin Santa María de Loreto ita ce mafi tsufa da ta rage, tun wajen 1740, daga waje ba ta da wani kwalliya, toka-toka ce kamar tsohon rumbu, har wani baƙona ya ce wannan muka sha wahalar zuwa gani? Da muka shiga shiru ya yi. An haɗa ta da turakun itace maimakon ƙusa, rufin shuɗi mai sassaƙa, daɓen katakon kuwa duk sawun gatari ne. In coci ɗaya kawai za ka gani a tafiyar nan, to wannan ce.

Gaba kaɗan akwai cocin ƙauyen Quinchao, ita ce mafi girma, ta haura mita 50 a tsawo, a ƙauyen da gidajensa ba su taka kara sun karya ba. Motar zuwa can ba ta da yawa, in ba ka da taka ka yi ciniki da ɗan tasi a Achao ya kai ka ya jira ka. Kuma duk inda ka sauka, tambayar farko ga direba ita ce el último bus, motar ƙarshe. Ranar Lahadi da wuri suke tashi aiki.

Ka sauka bakin ruwan Achao kafin ka koma, nan jiragen ƙananan tsibirai ke sauke buhunan dankali da tumaki su ɗauki gas da fulawa. Daga nan ake zuwa Caguach, inda ake babban bikin Nazareno, wato na wani mutum-mutumin Yesu da ke cocin, ranar 30 ga Agusta da kuma Lahadi ta uku a Janairu. In ba lokacin biki ba ne jirgin kan tafi yau ya dawo gobe, ka shirya kwana ko ka bar shi.

7. Gabar arewa: San Juan, Tenaún, Colo

Nan ne mota ta haya ke da rana. Tuƙi a hannun dama ne kamar gida, amma wasu rassan hanyar tsakuwa ce da gangara mai santsi, ka sha mai tun daga Castro ko Dalcahue. In ba ka tuƙi akwai motar Tenaún daga Castro, sai dai ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu, ko ka bi masu kai baƙi yawon yini.

San Juan ne ƙauyen da na fi so a duk tsibirin. Ana gangarowa daga tudu sai ga coci a bakin ruwa, gefenta kuma masassaƙa suna gina jiragen katako a fili, haƙarƙarin jirgi a tsaye, ƙamshin itace ko'ina. Ka tsaya ka kalli jirgin da ba a gama ba sannan ka shiga cocin ka ɗaga kai, ba sai kowa ya yi maka bayani ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki masu aiki hoto, una foto da ɗan murmushi ya isa.

Tenaún mai hasumiya uku ce, fari da shuɗi da taurari a goshi, ita ce ake yawan gani a hotuna. Daga nan ake ɗaukar jirgi zuwa Mechuque, ƙaramin tsibiri mai gidaje kan turaku da gadar katako, babu hayaniya ko kaɗan. Colo ƙarama ce, tana kan tudu nesa kaɗan da ruwa, in lokaci ya ƙure ita za ka bari. In ka ci gaba arewa wajen Quemchi akwai Aucar, ɗan tsibiri da ake shiga ta doguwar gadar katako ta ƙafa, kusan rabin kilomita.

A ƙauyukan nan za ka ji kalmar minga. Gayya ce sak irin tamu, a taru a yi wa mutum aiki shi kuma ya ciyar. Har gida sukutum suke ɗaukewa, a ɗora shi kan gungume a ɗaura wa shanu su ja, wani lokaci ma a bi da shi ta ruwa. In ka ji ana yi kusa, ka watsar da duk shirin ranar ka tafi.

8. Chonchi da Lemuy

Chonchi na kudu da Castro, kusan kilomita 23, gari ne a jikin tudu hawa uku. Rufin cocinsa shuɗi ne da fararen taurari. Cocin Vilupulli na kusa, mai siririyar hasumiya. Kaɗan gaba da Chonchi akwai fito zuwa tsibirin Lemuy inda coci uku suke, Ichuac, Aldachildo da Detif. Detif na can ƙarshen tsibirin, sai an bi wata siririyar hanya ruwa dama ruwa hagu, tafiyar ma kanta ta isa dalili. Yini guda ne cur, kar ka haɗa shi da wani abu.

In coci ta fara isarka, kuma za ta isa, ba abin kunya ba ne, ka juya yamma daga Chonchi zuwa Cucao ka ga gandun dajin ƙasa da ainihin tekun Fasifik. Kar ka shiga wanka, ruwan ƙanƙara ne kuma yana ja. Duk bakin ruwan da ka je ka lura da allunan da ke nuna hanyar gudu zuwa tudu, girgizar ƙasar 1960 mai ƙarfin 9.5 da igiyar da ta biyo ta sun yi wa tsibirin ɓarna sosai. In ƙasa ta motsa da ƙarfi kana gaɓa, tudu za ka nufa ba tare da jiran sanarwa ba.

9. Abinci da salla

A nan sai ka buɗe ido. Abincin da suke alfahari da shi curanto ne: a haƙa rami a zuba duwatsu masu zafi, a jera kayan teku masu ɓawo da kaza da dankali da nama, a rufe da manyan ganyen nalca. Kallon yadda ake buɗe shi abin gani ne, amma akwai naman alade a ciki kuma romon duk ya gauraya, na tukunya ma har giya ake zubawa. Milcao, wainar dankalin nan mai jan ido, da kitsen alade ake yi. Cancato kifi ne amma an cusa masa tsiran alade. Har burodin gida wani lokaci da kitsen ake murza shi. Kalmomin da za ka riƙe: chancho ko cerdo alade, manteca kitsensa, longaniza tsiransa, vino giya. Kalmar sin kuma tana nufin ban da. Chicha ta tuffa da licor de oro na Chonchi duk masu bugarwa ne.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Kifi gasasshe, a la plancha, ka ce merluza ko congrio ko salmón, da dafaffen dankali. Dankalin turawa a tsibirin iri-iri ne, ja da baƙi da shuɗi da mai dabbare-dabbare, yawancin dankalin da duniya ke nomawa ma asalinsa daga nan yankin yake. A rumfunan abinci na bakin ruwan Dalcahue kana ganin tukunya da idonka kana nuna abin da kake so. Mafi sauƙi kuma ka kama masauki mai kicin, ka sayi ɗanyen kifi a kasuwa ka yi miyarka.

Gargaɗi babba: kar ka tsinci kayan ɓawo a bakin teku ka ci, kar kuma ka saya a hannun wanda ba a kasuwa yake ba. Akwai wata guba da ke shiga cikinsu lokaci-lokaci, marea roja, dafuwa ba ta kashe ta, a 2016 ta sa aka hana ɗibar kayan ɓawo a gaɓar tsibirin.

Ban taɓa cin karo da masallaci a tsibirin ba, a ɗaki nake sallata, in ina hanya in nemi gefen da ba kowa. Alƙibla gabas ce kusan sak. Kar rana ta ruɗe ka, da tsakar rana ta arewa take karkata. A Janairu kuma magariba sai wajen tara da rabi na dare, isha ta kai sha ɗaya, asuba ta zo da wuri, ka saita manhajar salla a kan Castro tun ranar farko.

10. In ruwa ya ƙi tsayawa

Zai faru. In yayyafi ne ka sa rigarka ka fita, mutanen garin ma haka suke yi, kuma katakon ya fi kyau a jiƙe. In iska ce mai ƙarfi, hukuma kan rufe tashar ƙananan jirage, puerto cerrado, to ranar ba ta Mechuque ko Caguach ba ce, ka juya ta zama ta Castro da Nercón da Chonchi waɗanda mota ke kai wa. Jiƙaƙƙen takalmi a cusa masa tsohuwar jarida a ajiye gefen murhu, ba a kansa ba, na taɓa narkar da tafin nawa.

Ranar komawa ka bar Castro da sassafe, aƙalla awa bakwai kafin jirginka na Puerto Montt, don layin motoci a Chacao ranar Lahadi da yamma a watan Fabrairu yana iya cinye maka awa biyu.